An ɗaga mota, Inna ta kasa hawa

Zuwaina,

Na fita kina barci, ban so in tashe ki ba. Na tafi wajen Salim mai walda.

Jiya da kika je gidanku na karɓo motar daga gareji. An ɗaga ta, an sa manyan tayoyi, an ƙara mata ƙarfen baya. Na loda tankin ruwa da buhunan abincin awaki, na bi yashin bayan gari, ko sau ɗaya ba ta kafe ba. Har waƙa na dinga yi ni kaɗai.

Da na dawo na buɗe wa Inna ƙofa ta gwada. Ta dubi kujerar can sama, ta dube ni, ta ce, "Kai Khalfan, raƙumi ma durƙusawa yake yi a hau shi." Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Kin san tun da ciwon ƙanwarta Gwaggo Shamsa ya tashi take son zuwa ƙauyen Badiya, ƙaramar mota kuwa ba ta kaiwa gidan saboda yashi.

Salim ya ce zai haɗa mata matakala mai naɗewa kafin azahar. Ki yi haƙuri, na ɗauki kujerar tsugunonki don awo, zan dawo da ita lafiya.

Ki ɗaure dabino da alawa, ki ɗauko wa Inna maganin gwiwa. Ki ce ta shirya, yau da ƙanwarta za ta sha gahawar la'asar.

Khalfan