Baba Ne Ke Buga Ƙarfen Safe

Zuwa ga Yayana Yahuza,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Hannatu da yara, da kuma aikin tuƙi a Fatakwal. Kullum kuna cikin addu'armu, Allah ya kiyaye hanya. Mu nan gida sai godiya. Ruwa ya yi kyau bana, dawa ta fitar da kai har wajen Mabai, mahaifiyarmu Dada kuma tana nan da faɗanta, ka san in ana jin sa to lafiya ce.

Saƙonka ya iso ta bakin Goggo, cewa za ka aiko da keken guragu, in kaka ta wuce kuma ka zo ka ɗauki Baba ya koma wurinka. Na gode ƙwarai, na san tausayi ne ya sa. Amma dakata ka ji abin da ya faru bayan tafiyarka.

Ka bar Baba ɓarin dama a shanye. Likita a Ƙanƙara ya faɗa mana ƙarara cewa in bai riƙa motsa hannun da ƙafar ba, za su sandare har abada. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce a riƙa taka masa yana zagaya tsakar gida. To, ka san Babanka. Cewa ya yi shi dattijon ikilisiya ba zai zauna yana wasa da ƙwallo kamar ɗan yaye ba, in Allah ya ga dama zai tashe shi, wannan motse-motsen ƙarancin bangaskiya ne. Na lallaɓa, na yi fushi, na yi kuka, ko gezau. Ina ji ina gani yatsunsa suka fara naɗewa, tsoro ya kama ni sosai.

Ana nan sai Fasto Ishaya ya zo gaishe shi. Ko sunan asibiti bai kira ba. Ya ce mai buga ƙarfen addu'ar safe ya ƙaura Funtuwa, dattawa kuma sun ɗora wa Baba aikin. Ka tuna wilin babbar motar nan da ke rataye a tsamiyar ƙofar majami'a, shi fa. Gaskiya raina ya ɓaci, na ce wannan ai ba'a ce, mutumin da ludayi ke gagara. Shi kuwa Baba cewa ya yi bai taɓa cewa a'a ga aikin Allah ba, ba kuma da furfura zai fara ba. Ya ƙara da cewa ba a yi wa Allah aiki da hagu.

Maƙwabcinmu Malam Gide, Allah ya saka masa, shi ya ɗauki nauyin rakiya. In ya fito sallar asuba sai ya biyo ya riƙo Baba, su tafi suna tsayawa suna musunsu na tsufa, ya kai shi gindin tsamiya ya jira. Da farko ƙarar kamar an buga cokali a kwano. Dada ta ce ko kajinta ba su farka ba. Wannan magana ta ci wa Baba rai, don da yamma na leƙa na same shi yana matsa ƙwallon nan a ƙarƙashin riga. Na yi kamar ban gani ba. Tun daga nan ba na tambayarsa ya jiki. Ina kwance nake kasa kunne, ƙarar ƙarfen ke gaya mini.

Ranar Lahadin da ta wuce, lokacin ba da shaida, Baba ya miƙe da kansa. Ya ce da yana zaton kula da jiki aikin matasa ne da 'yan birni, yanzu ya gane jikin nan ajiyar Allah ce a hannunsa, kuma wanda ya roƙi warkarwa ya naɗe hannu bai gama addu'arsa ba. Yaya, kuka na yi a gaban Zumuntar Mata, ban ji kunyar kowa ba. Ban san da wane baki zan gode wa Allah ba.

Ba na ce ya warke sarai ba. Ƙafar tana ɗan ja har yanzu, maganin hawan jini kuma ba ma fashi. Amma keken nan ka bar shi, ina roƙonka, don in ya hau ba zai sauka ba. Zancen Fatakwal kuwa, da na faɗa masa cewa ya yi wa zai ba shi ƙarfen bugawa a can. Ya kuma ce in gaya maka ya ga tumbinka a hoton da ka turo, ka riƙa sauka daga motar nan kana taka ƙasa.

Jiya Malam Gide ya kawo mini ƙara yana dariya. Wai da ya biyo ɗaukar abokinsa bayan asuba sai ya tarar da ɗaki ba kowa, da ya koma gida kuma ƙarfen ya hana shi komawa barci. Baba ya riga ya tafi shi kaɗai.

Ka gaishe mini da Hannatu da su Rifkatu da Nuhu. Dada da Goggo suna gaishe ku, Fasto ma ya ce a miƙa gaisuwa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ƙanwarka mai kewarku,
Rahila Mani