Na ce wa surukina mun je asibiti, alhali ba mu je ba

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. A sakaya sunana, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni dillaliyar riɗi ce a Fagam. Da mudu ɗaya na fara, kuma ban saba wani ya nuna mini hanya ba. 'Yata Asabe ta zo goyon ciki daga Surko, inda take auren Malam Sabo, malamin Islamiyya. A wata na takwas ta kama amai da ƙishirwa, idonta ya koma ruwan ɗorawa. Na ce ciwon shawara ne, mu kuwa mun taso muna jin ana cewa ba ya son allura, sai na jiƙa mata saiwar rawaya. Mijinta ya kira ya ce, "Inna, a kai ta asibiti, ko in zo in kai ta?" Na ce, "Mun je jiya, sun ce ba komai. Zauna ka ji da ɗalibanka." Ya ce, "To, Inna." Me ya kai bakina? Bayan kwana biyar ta daina gane mu. Da muka kai ta asibitin Birnin Kudu, likita ya ce kitse ne ya taru a hantarta, cikin ke kawo shi, ba kasafai ake gani ba, kuma maganinsa a ciro ɗan da wuri. Aka yi mata aiki. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Yau wata huɗu. Asabe ba ta tuna kwanakin nan. Mahaifinta Alhaji ya ce ba za ta koma gidan wanda ya kasa leƙo ta ba. Malam Sabo kuwa duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa, ya kasa ƙaryata surukarsa. Wancan makon Alhaji ya tambaye shi a gabana, "Me ya hana ka zuwa?" Ya kalli ƙasa ya ce, "Kuskure ne, Baba." Alhaji ya ce Juma'a mai zuwa ya taho da takardar sakinta.

Na gaji wallahi. In na yi shiru aurenta ya mutu, in na faɗa, da wane ido za ta kalle ni? Saura kwana uku. Me zan yi?