Littattafan Ajamin Baba Sun Shiga Jami'a

Baba,

Sallama da gaisuwa daga Gusau. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ko an kai, da boko na rubuta ta, sai ka ture ta gefe ka ce a karanta maka. Amma labarin ya fi ƙarfin cikina.

Jiya Laraba na kare kundin digirina na biyu, kuma a kan littattafanka na yi shi. E, guda bakwai ɗin nan da Inna ta adana a adaka a Tsafe, waɗanda kake cikawa da ajami bayan la'asar, rediyo na kan gwiwarka.

Tun farko an so a hana ni. Wani farfesa ya ce manomin auduga ba masani ba ne, in je in nemo abin da manya suka rubuta a kan mulkin mallaka. Shekara biyu muna ja. Na ji tsoro, Baba, don da ya ƙi sa hannu, da aikin ya tashi a banza, littattafanka su koma adaka gara ta cinye.

To jiya na buɗe littafinka na uku na karanta wa malaman da ke jarraba ni. Inda ka ce layin dogon da Bature ya shimfiɗa zuwa Gusau ba don mu yi zumunci ba ne, bakin teku ya nufa, ya kwashi audugarmu ya dawo mana da ita yadi. Inda ka ce baƙaƙen fatar da aka tsallakar da su teku auduga suka tsinta, mu ma auduga, saboda haka 'yancinsu da namu ba ya rabuwa. Da inda ka ƙi raga mana, ka ce akwai namu da suka riƙe igiyar da aka ɗaure su da ita. Sannan ka ce sauke tutar Bature ba 'yanci ba ne, muddin ɗa yana jin kunyar rubutun ubansa.

Wannan ta ƙarshen da ni kake, ko ba haka ba? Ka tuna ranar da na raka ka Bungudu rajistar manoman auduga? Ma'aikacin ya tambaya ko ka iya rubutu, na riga ka amsawa na ce a'a. Ni na kama babban yatsanka na dangwala a tawada. Ina aji uku a sakandare, ina ji da kaina. Har ka rasu ban ba ka haƙuri ba. Ka yafe mini.

Da na gama karantawa, farfesan ya ce in miƙo ya gani da idonsa. Baba, ta hagu ya buɗe shi, kamar littafin boko! Ya juya, ya sake juyawa, ya cire tabarau ya goge. Ƙaninka Kawu Bala, da ya taso tun daga Tsafe da babbar rigarsa ta Juma'a, ya yi ta tarin ƙarya don ya danne dariya. Daga ƙarshe mutumin ya maido mini, ya roƙe ni in ci gaba. Sai da na karanta shafi tara.

Sun amince, Baba. Za a kwafe littattafan bakwai a ajiye a laburare, kuma baɗi ɗalibai za su karanta ka. Inna ta rangaɗa guɗa a barandar jami'a, babu wanda ya iya hana ta, ni kuwa kuka nake ina dariya. Da muka fito farfesan ya tsayar da Kawu, ya rusuna, ya tambaye shi a ina marigayin ya koyar. Kawu ya gyara hula ya ce masa a gona, kan hanyar 'Yandoto.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ka huta, an ji ka.

'Yarka,
Dije