Gidan da Aka Sauke Ni a Unguwar Gangare

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Kula da Ma'aikata da Gidaje,
Babban Ofishin Hukuma.

Daga:
Jami'in Duba Lafiyar Dabbobi,
Ofishin Kan Iyaka.

Kwanan wata: Talata, 22 ga Afrilu.

GAME DA: Ƙorafi a kan Jami'in Gidaje na wannan ofishi, bisa hana ni gidan da Hukuma ta ba ni, da kai ni wani gida da aka yi amfani da sunana a cikinsa wajen sayar wa jama'a mushe.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta sami Mai Girma cikin ƙoshin lafiya. Ni ne ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wannan ƙaramin gari na kan iyaka a farkon watan Fabrairu, domin duba dabbobin da ake shigowa da su. Shekarata goma sha tara ina wannan aiki, ban taɓa rubuta ƙorafi a kan kowa ba. Iyalina su ne maiɗakina, da 'ya'yana mata biyu, da mahaifiyata, wadda shekarunta sun ja kuma take fama da ciwon ƙirji. Ina roƙon Mai Girma ya yi haƙuri da tsawon bayanin.

1. Na iso ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, riƙe da takardar da ke cewa an ba ni gida mai lamba huɗu a rukunin gidajen ma'aikata da ke unguwar tudu. Jami'in Gidaje, wanda kowa a nan yake kira Mai Makulli, ya karɓe ni hannu bibbiyu, har da sa a kawo mini ruwan sanyi. Ya karanta takardar, ya girgiza kai, ya ce ai rufin gidan ya rufta tun daminar bara, an rubuta wa Hedikwata ba a ji komai ba. Da na nemi in gani da idona, ya ce makullin yana hannun magini, maginin kuma ya yi tafiya. Ya ƙara da cewa kada in damu, shi ɗan gari ne, zai nema mini haya inda ya dace da mai iyali.

2. Washegari ya ɗauke ni a babur ɗinsa ya zagaya da ni unguwanni uku. A bakin tasha ya nuna mini ɗakuna biyu masu kyau, amma ya tsayar da ni daidai inda manyan motoci suke ɗumama inji, ya ce in duba irin mutanen da ke kwana a wurin, sannan in tuna ina da 'ya'ya mata. A unguwar da ke kusa da shingen iyaka akwai gida mai famfo da na so ƙwarai. Ya ce can kullum cikin samame ake, ba a bambanta mai laifi da maƙwabcinsa. Daga nan ya gangara da ni unguwar gangare, zuwa wani gida mai ɗaki uku da aka yi wa sabon fenti, an share tsakar gida an yayyafa ruwa, turaren wuta yana tashi a kowane ɗaki. Mai gidan, wani dattijo mai fara'a, yana tsaye yana jiranmu. Na lura da wata ƙaramar ƙofar ƙarfe manne da ƙofar gidan, na tambaya; aka ce fili ne a baya da ake shanya fatu jefi-jefi. Na amince. Ina amsa cewa ni na ce na zaɓa, amma Mai Girma zai ga yadda aka jera mini zaɓin. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta shaida mini cewa shekararta uku a wannan unguwa ta shingen iyaka, ba ta taɓa ganin samame ba.

3. Na kawo iyalina ranar Asabar, 15 ga Fabrairu. Kafin kwana uku turare ya gama aikinsa. Ranka ya daɗe, aikina da dabbobi ne, hannuna ya sha shiga cikin saniya, hancina ba na sangarta ba ne. Amma abin da yake taso mana daga bayan katanga da zarar rana ta ɗaga, ban taɓa zama da irinsa ba. Ƙudaje kore, manya, su lulluɓe kwano kafin a kai shi baki. Wani baƙin ruwa mai maiƙo yana tsattsafowa ta gindin katanga, ya bi ta gefen madafa ya kwanta a bakin rijiya. Kayan da aka wanke aka shanya, sai an sake wanke su. Ungulu suna jeruwa a kan rufin ɗakin mahaifiyata kamar an kira su taro. Wata safiya ƙaramar 'yata ta ɗaga tabarma ta tarar da tsutsotsi, tun daga ranar ba ta yarda ta taka ƙasa ba takalmi. A makaranta yara suka daina zama kusa da babbar, suna toshe hanci idan ta wuce. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai ta ɗaure hanci da ɗankwali ta zauna tana tari, idan na shigo ta ce mini ta ci abinci, alhali kwanon yana rufe yadda aka kawo shi.

4. Na kai kuka da baki wajen Jami'in Gidaje ranar 24 ga Fabrairu. Ya yi dariya ya ce ashe malamin dabbobi ma yana jin wari, ya ce in yi haƙuri, hanci yana sabawa. Na rubuta masa takarda ranar 10 ga Maris, kwafinta yana haɗe da wannan. Ba a amsa ba. Da na tare mai gidan, ya rantse cewa fatu ne kawai, kuma da zarar ya sami mai saye za a kwashe. Duk lokacin da na nemi in leƙa filin, ƙofar tana kulle, domin ba a aiki a ciki sai a sa'o'in da nake ofis. Maiɗakina ta sha gaya mini tana jin sara da hayaniyar maza da hantsi, tana ganin hayaƙi. Na ce mata masu jima ne. Wannan sakacina ne, ban ɓoye shi ba.

5. Ranar Laraba, 2 ga Afrilu, wata babbar mota ta iso shingen iyaka da shanu, ɗaya ta mutu a hanya, cikinta ya kumbura, jini yana fita ta hancinta. Kamar yadda doka ta tanada, na shafa mata jan fenti a cinyar hagu, na yanke gefen kunnenta, na cike takarda, leburori suka ɗora ta a kura domin a kai wa ɗan kwangilar da Hukuma ta ɗora wa binne irin waɗannan dabbobi a bayan gari. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka aiko mini cewa numfashin mahaifiyata ya sarƙe, na taho gida da gaggawa. Na tarar da ƙaramar ƙofar nan a buɗe, kurar tana tsaye a bakinta. Bayan na ba tsohuwa maganinta ta samu sauƙi, na shiga.

Saniyar tana kwance a ƙasa, an feɗe rabinta. Jan fentin da na shafa da hannuna yana kan fatar da aka ajiye gefe. Maza uku suna datsa nama suna jefawa cikin wani baho mai ruwan gishiri da barkono, a gefe ga wuta an ɗora waya ana gasa wanda aka riga aka jiƙa. Can ƙarshen fili akwai rami ba murfi, cike da kayan ciki da kawuna, wasu sun yi makonni. Na ƙirga kunnuwa masu irin yankana har guda bakwai. Mai gidan yana zaune a kan kujera a inuwa. A nan na gane cewa shi ne ɗan kwangilar, wanda ban taɓa haɗuwa da shi a ofis ba domin leburori ne suke kai masa. Bai ko tashi ba. Ya ce mini in kwantar da hankalina, wuta tana kashe komai, kuma idan ina so a riƙa ajiye wa iyalina nasu kason.

6. Abin da ya fi wannan muni shi ne dalilin kawo ni gidan. Muna da maƙwabciya mai ɗinki, mace mai kirki, ita ce ta fara kawo wa maiɗakina ruwa mai tsabta daga gidanta. Ranar da na ga abin da na gani, maiɗakina ta tuna wata magana da matar ta taɓa yi mata, wadda a lokacin ba ta gane kanta ba. Ga maganar kamar yadda aka faɗa: "Ai tun da maigidanki ya tare, hankalinmu kwance muke sayen naman gidanku, an ce shi yake dubawa da kansa." Na bincika, na tabbatar masu tallan wannan nama suna yawo da shi a tasha da bakin kasuwa da ƙofar makaranta suna cewa na gidan likita ne. Ƙofa biyu a manne, mai wucewa gida ɗaya yake gani. Kafin zuwana jama'a sun fara ƙyamar naman. Da na tare, kasuwa ta dawo. Ni da nake sa hannu cewa dabba ba ta ciwuwa, ni aka kafa a bakin ƙofa a matsayin shaida.

A daren ranar ban iya haɗa ido da iyalina ba. Da safe na kai rahoto ga shugaban ofishinmu, ya ce zai duba. Na bi gida-gida a layinmu ina faɗa wa mutane kada su ci. Na makara. Ranar Asabar, 5 ga Afrilu, aka kwashi mai ɗinki da mijinta da 'ya'yansu uku zuwa asibiti da amai da gudawa, tare da wasu mutum shida daga tasha. Ƙaramar 'yarta mai shekara huɗu ta kwana tara ana ƙara mata ruwa. Allah ya tashi kafaɗarta, amma har yau ba ta tsayawa da kyau. Da na je dubiya na rantse wa uwar cewa ban taɓa duba naman nan ba, ban san da shi ba. Ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, wata biyu kana kwana da warin nan, kai da ka yi karatunsa, ba ka tambaya ba?"

7. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, na hau unguwar tudu ba tare da na sanar da kowa ba. Gida mai lamba huɗu lafiyarsa ƙalau, rufinsa ko lotsawa bai yi ba. Akwai labule a taga, da shanya a igiya. Mai gadin rukunin ya shaida mini cewa ƙanin Jami'in Gidaje ne yake ciki da amaryarsa tun watan Janairu, kuma ba ma'aikacin Hukuma ba ne. Shi ne kuma ya gaya mini abin da duk garin ya sani ban da ni: matar Jami'in Gidaje 'yar ɗan kwangilar ce.

Daga ranar 3 ga Afrilu zuwa yau, duk dabbar da na hana a ci, ni nake bin kura har bayan gari, in tsaya a haƙa rami a zuba mata kananzir a ƙone a gabana. Amma filin gangare yana nan, ramin yana nan a buɗe, kuma an ce mini yanzu daga ƙauyuka ake kawo musu. Shugaban ofishinmu har yau yana dubawa.

Bisa ga wannan, cikin ladabi nake roƙon Mai Girma:

(a) A turo masu bincike daga Hedikwata, ba daga wannan ofishi ba, su ga filin kafin a rufe ramin da ƙasa a yi masa turare.

(b) A dakatar da kwangilar binne dabbobi daga hannun wannan mutum, a sanar da hukumar lafiya domin a gwada rijiyoyin unguwar gangare, waɗanda sama da gida ashirin suke sha.

(c) A tambayi Jami'in Gidaje dalilin ƙaryar rufi, da dalilin zaɓa mini wannan gida a cikin duk gidajen garin.

(d) A ba ni makullin gida mai lamba huɗu, ko wani ɗaki mai tsabta ko'ina ne.

(e) A fitar da sanarwa a rubuce, a karanta a tasha da kasuwa, cewa babu wani nama da ya taɓa fita daga wancan fili da izinina ko da izinin Hukuma.

Idan bincike ya ga akwai nawa laifin na rashin bin diddigi da wuri, a fara da ni, ba zan yi jayayya ba. Mai ɗinki da mijinta, da mai gadin rukunin gidaje, da biyu daga cikin leburorin, sun yarda su ba da shaida.

A ƙarshe, ina sanar da Mai Girma cewa na mayar da mahaifiyata da yaran gida wajen yayana tun ranar 12 ga wata, a tsakiyar zangon karatu. Ni da maiɗakina muna kwana a ɗakin ajiyar allurai na ofis, tsakanin firji da buhunan gishirin dabbobi. Idan amsa ta fito, can za a same ni. Ina roƙon kada a biyo da ita ta hannun Jami'in Gidaje.

Ina mai ƙanƙan da kai da cikakkiyar girmamawa. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Jami'in Duba Lafiyar Dabbobi,
Ofishin Kan Iyaka.

Haɗe da wannan: kwafin takardar ba da gida, kwafin takardata ta 10 ga Maris, takardar hana saniya ta 2 ga Afrilu, hoton fata mai jan fenti.