Ban-ruwa Bayan Ruwan Sama

Lambun Renon Itatuwa, Talata
Aikin farko yau: duba layin darbejiya.

Zuwa ga maigidana Malam Nababa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana jin daɗin ritaya, kai da iyali.

Malam, lambun da ka bar mini yana mutuwa. Tun da aka sallami rabin ma'aikata, ofis ya ce duk wanda ya yi fashin safiya ɗaya shi ma ya tafi. Kowa na zuwa kan lokaci, amma ba raha. Mati ya daina waƙarsa ta jan guga. Na tsoma yatsa a ledojin dashe: sama a jiƙe, ƙasa a bushe. Yayyafi kawai suke yi su wuce. Na yi wa Iliyasu, babban cikinsu, magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban-ruwa aka ce, ba a ce har ina ba."

Mai duba aiki na nan tafe. In ya ga haka, rufe lambun za a yi. Wataƙila ni ne ban iya riƙon mutane ba.

Naka, Muntaka

*

Muntaka,

Wa alaikassalam. Ritaya ba daɗi, sai ciwon gwiwa. Ruwan shuka ya sauka nan Gezawa tun kwanakin baya. Ku fa? Ina mutanenka suka wuni washegari?

Nababa

*

Malam,

Bayan gaisuwa. Mu ma mun samu. A lambu suka wuni mana. Sun roƙi in bar su su je su yi shuka kafin ƙasa ta bushe, na ce doka ta hana. Muka yi ban-ruwa kamar kullum, ledoji suna ta ambaliya. Mati ya ɗaga garwa ya ce, "Malam, ita rijiyar ma mu ɗan zuba mata?" Ba wanda ya yi dariya. Tun ranar ba a sake yin ruwan sama ba, gonakinsu ba ko ƙwaya. Na yi kuskure ne?

Muntaka

*

Muntaka,

Na yi dariya har na ƙware. Allah ya yi muku ban-ruwa, kai kuma ka ga bai isa ba! Duk zamanmu, ka taɓa ganin na buɗe lambu washegarin ruwan shuka? Wanda bai sa gero a ƙasa ba, a wannan shekarar yunwa, ina zai ji ƙishin darbejiya? Amma ni zamanina ba kora. Aikinka ne, iyalinka ne, ba zan zaɓa maka ba. Allah ya yi jagora.

Nababa

*

Malam,

Assalamu alaikum. An yi ruwa ranar Laraba. Washegari na kulle lambu, na saɓa sungumi, muka yi gayya gona bayan gona, ta Mati ce farko. Muna can mai duba aiki ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa. An ce in bayyana a ofis ranar Litinin.

Yau, bayan kwanakin rana, na tsoma yatsa a leda. Danshi har ƙasa. Ina jin Mati a bakin rijiya, yana waƙa da muryar nan tasa marar daɗi.

A gai da gida. Naka, Muntaka

Abin da ya rage na gobe:
Guge rigar zuwa ofis.
Nuna wa Iliyasu inda makulli yake, ko da ban dawo ba.
Shuka tawa gonar.