Ɗana zai shimfiɗa dalma a ƙasan motar Malam

Daga Admin: wata dattijuwa ce ta aiko da muryarta, ta ce a sakaya sunanta. Na rubuta yadda ta faɗa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manyanku da yaranku. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ban san kan mota ba sai dai a ce Inna shiga in shiga, amma yau maganar mota ce ta kawo ni gabanku.

Malam mai gidana, Allah ya kai haske kabarinsa, ya tafi ya bar littattafai, ya bar 'yar fadama, ya bar mota guda. Motar nan tsohuwa ce ƙwarai, irin mai dogon bayan nan ta da, wadda in ta tsaya tasha dattawa ke zagaye ta suna ƙwanƙwasa jikinta suna cewa an daina irin wannan ƙarfe. Yanzu tana hannun ɗana, ba zan kama sunansa ba, ɗan fari ne. Da ita yake jigila daga Anka zuwa Bukkuyum, ran kasuwa har Gummi, ya ɗauko shinkafa da busasshen kifi, da ita muke ci.

To da daminar da ta wuce ya faɗa wani rami cike da ruwa, sai wani farantin ƙarfe da ke tsakanin salansa da ƙasan motar, wanda dama tsatsa ta cinye, ya fita ya bar su. Tun ran nan ƙasan motar ya koma tanda. Matan Fulani suka daina shiga da ƙorensu, suka ce nono na tsinkewa kafin a isa. Ya jiƙa buhunan algarara ya shimfiɗa, kafin a yi nisa sun bushe sun fara ƙauri. Rannan muka tafi bikin suna a Gummi, mota ta cika, na zaunar da jikata, ɗiyarsa, tsakanin ƙafafuna kamar yadda ake yi wa yara. Takwarata ce, ubanta Inna Ƙarama yake ce mata. Yarinya ta yi ta mutsu-mutsu, ni kuwa ina cewa ta natsu, sai da ta tsala ihu muka duba, tafin ƙafarta duk ya tashi bororo.

Wannan ne ya kai shi wurin wani mai walda. Mutumin ya ce farantin irin wannan mota ba a samunsa yanzu, amma a tara tsofaffin batura, a fasa, a narka dalmar da ke ciki a zuba ta ta yi falle, a shimfiɗa ta cikin motar ƙarƙashin leda. Wai dalma na da nauyi, zafi ba ya ƙetare ta. Ɗana ya tara baturan, ga su can a zaurena, a bayan gidana za a hura wutar.

Jama'a, dalma fa. Shekarun da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu, ɗiyata tana aure wajen Bagega, a turmin gidansu ake dakan dutsen zinari, ashe da dalma a cikinsa. Jikoki biyu na riƙe a cinyar nan tawa suna shure-shure, idanu sun juye, har suka yi shiru. Na ga ranar da aka kankare ƙasar tsakar gidan aka kwashe ta kamar mai laifi. Wanda ya ga wannan ba ya jin sunan abin nan ya zauna lafiya.

Na faɗa wa ɗana. Ya ce waccan garin dutse ce, wannan ta mota ce a dunƙule, ko Inna Ƙarama lasar ƙasan mota za ta yi? Na ce yaro har ƙasa ci yake, kuma abin da wuta ta narkar a tukunya, mi zai hana salansa ta gasa shi kullum kuna shaƙa? Ya ce to Inna in aje mota mu ci mi, ko in bari ta gasa mini ɗiya? Da ya shiga alwala na ɗauke makullin motar na ƙulle a haɓar zanena. Tun ran nan daga bakin ƙofa yake gaishe ni, yaron da ba ya fita sai ya durƙusa na sa masa albarka.

Ga kuma matarsa da tsohon ciki, yau ko gobe. In naƙuda ta tashi dole in kwance makullin nan a kai ta asibiti, kuma na san in ya koma hannunsa ba zai dawo nawa ba.

Masu sanin mota, don girman Allah, babu wani abin da ake tare zafin salansa da shi sai wannan? Kwanon rufi ba ya yi? Irin ƙarfen da ake ƙera tukwane da shi fa? A ciki ake sa shi ko a ƙarƙashi? Masu aikin asibiti, gaskiya ne dalmar mota daban take da wadda ta ɗauke mini jikoki? In kun ce daban take, zan haɗiye tsorona in miƙa masa. In kun ce ɗaya ce, ku faɗa mini da kalmar da zai ji, don tawa ta ƙare.

Na kifa kwando kan baturan, ina zaune bakin zaure ina korar takwarata daga wajen. Makullin yana nan jikina, wallahi ya fi salansar ƙuna. Mi zan yi?