Gawon Baba Ɗan Ige Bai Mutu Ba, Kawo Mana Mabuɗin Famfonmu

Zuwa ga Injiniyan da ya kafa mana famfon sola a ƙauyenmu na gefen Damaga, ya kulle, ya tafi da mabuɗi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin ofis? Mu dai nan sai ƙishirwa, alhamdu lillahi. Sunana Sanusi, ni ne wanda ka aiko wa Maigari saƙo a kansa cewa wani ɗan iska yana taɓa kayan gwamnati. To ga ɗan iskan ya ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Da damina ka zo auna wurin da za a kafa farantan sola. Ka zaɓi gindin gawon da ke bakin gonar Baba Ɗan Ige, don nan ne ake hangowa daga hanya. Tsohon nan ya taso da sandarsa, ya gaya maka gawo ba irin sauran itatuwa ba ne, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Ina wurin. Ka ɗaga kai ka dubi rassan, ka ce mishi iccen ya riga ya mutu, ya bar wa masu ilimi aikinsu. Mutanenka suka yi dariya. Ni ma na yi, amma ba shi nake yi wa ba.

Na biyu. Ruwa na ɗaukewa mamacin naka ya tashi. Ganye ya cika shi, inuwa ta rufe faranti tun hantsi. Fulani suka sauko da shanu cin 'ya'yan gawo kamar kowace shekara, balbelu suka biyo su suka mai da iccen masauki. Ba sai na gaya maka abin da balbela ke bari a ƙarƙashin inda ta sauka ba. Faranti shida suka koma fari fat kamar an shafa musu farar ƙasa. Famfo ya fara tari, ya koma ɗigo, ya yi shiru.

Ni allo kaɗai na riƙe, ban shiga aji ba, amma ko a makarantarmu mun san abin da ya ƙazantu wanke shi ake yi. Sai dai ka kewaye farantan da kejin ƙarfe, ka ɗana kwaɗo kamar kan ɗan akuya, ka ce don ɓarayi. Ɓarawo bai zo ba. Mu ne muka zama ɓarayin da aka kulle wa ruwa.

Na uku, kuma a nan ba wasa nake yi ba. Tun da famfon ya tsaya matan garinmu suka koma ɗebo ruwa a rafi, ta hanyar da ko maza ba su bi su kaɗai. Ka san su wane ne ke yawo a dajin nan, ai shi ya sa ba ka dawo ba. Ranar kasuwar da ta wuce yayata Hassi tana can ta ji ƙarar babura, ta yar da jarka ta ruga, ta faɗa kwazazzabo ta karye a ƙafa. Har yau tana kwance da ɗori. Innarmu, da gwiwar da ke damunta, ita ke zuwa rafin yanzu, ni ina biye da ita da gora kamar gorar za ta tare harsashi.

Na huɗu. Ba na musu, na taɓa kayanka. Na ɗaura tsumma a kan doguwar gora, na zura ta kafar kejin, na goge iyakar inda hannuna ya kai. Faranti biyu suka fito, ruwa ya zo na rabin yini, mata suka yi guɗa. Wanga shi ne laifin da aka kai maka. Gari ya san ni da tsokana, ni na taɓa ɗaure wa ladan takalmansa a wuyan jaki, kuma na sha bulalar. Amma wanda ya sa faranti a inuwa, ya kira shi aikin hasken rana, ya fi ni iya tsokana, kuma shi ba a buge shi ba.

Abin da muke nema kaɗan ne. Ka aiko da mabuɗi a damƙa wa Maigari, mu riƙa wankewa da kanmu. Ka turo mutanenka su matsar da farantan zuwa filin bayan masallaci inda rana ke yini. Gawon kuwa kada ma ka kawo zancen sara, ya girmi kakanka, kuma shi yana yin aikinsa a kan lokaci. In ka zo, ka tsaya ka gaida Baba Ɗan Ige.

Na ba direban motar Talata Mafara jarka guda ya kai maka ofis. Ruwan rafinmu ne, wanda Inna ta ɗebo da kanta. Kada ka tace. Ka sha kofi ɗaya, ka ba ɗiyanka ɗaya, sannan ka sake aiko wa Maigari saƙo a kaina.

Allah Ya shirye ka, Ya ƙara maka ilimin itatuwa, Ya sa ka tuna aljihun da mabuɗinmu yake.

Wassalam.

Sanusi, mai gora da tsumma.